Sawun Kwandasta a Lambun Babana

Mahaifina, Hipolit Gancarz, shekara talatin da huɗu ya yi yana gadin mashigar jirgin ƙasa a bakin ƙauyenmu, kusa da Sanok. Aikin ke nan: ya zauna bakin taga ya jira, in jirgi ya taho ya sauke sanda, in ya wuce ya ɗaga. Da na'ura ta karɓe aikin, sai ya kwaso kujerarsa ya dasa a tagar kicin mai kallon lambu, ya ci gaba da jira. Mahaifiyata kan ce ita ƙeyar mutum ta aura. Bayan rasuwarta ba wanda ya rage ya yi masa wannan tsiyar.

Lambun kuwa, in ka gan shi sai ka rantse mai shi ya ƙaura. Ba ya share ganye, ba ya sare busassun ciyayi masu iri, tuffa ta faɗo ta ruɓe a gindinta. Da gangan yake yi, wai abincin baƙinsa ne. In hunturu ya shigo sai ya rataya kitsen alade a reshe, wanda ba a sa wa gishiri ba, don gishiri cutar da tsuntsaye yake. 'Yan ƙanana masu rawayen ƙirji su yi ta lilo a jiki, gwara na faɗa a ƙasa, maƙwaƙƙwafi ya zo ya watsa taron. Amma babban baƙonsa wani tsohon dage ne mai zanen fari da baƙi a fuska. Baba ya raɗa masa suna Kwandasta, saboda yadda yake bin shinge yana shinshina komai kamar mai duba tikiti.

Duk Lahadi nakan kira shi daga Rzeszów, inda nake aiki. Shi yana ba ni labarin Kwandasta, ni ina "eh, to, eh", idona na kan ƙwallo a talabijin. Shekara shida muna haka. Na san akwai dage. Inda yake kwana ne bai taɓa shiga kunnena ba, alhali na tabbata an faɗa mini ya fi sau hamsin.

Ana nan yanar ido ta rufe wa Baba gani. Shekara biyu yana ƙin a yi masa aikin ido, sai da tsuntsayen suka koma masa inuwa kawai sannan ya yarda. Dage kwanciya yake yi da hunturu, ya toshe bakin raminsa da busasshen ganye, kuma tsofaffinmu sun ce ranar biyu ga Fabrairu, ranar da mata ke kai kyandir coci, yake leƙowa ya duba gari. Wannan fitowar Baba yake so ya gani da idonsa tangaran. Ƙarshen Nuwamba aka yi aikin, ya wuce gidan ƙanwata Danuta ya huta, ni kuma na je duba gida.

Ban ko sauke jaka ba Pani Leokadia, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta kan shinge.

"Zenek, kai ne? Ai na ɗauka Pan Hipolit bai haifi namiji ba. Dubi lambun nan don Allah. Maƙabartar da aka manta da ita ta fi shi tsafta."

Maganar ta ƙona ni, kuma ni in na ƙule ba na tsayawa tunani. Kwana uku ina aiki kamar an aiko ni. Na share, na ƙone, na sare, na kwashe ruɓaɓɓiyar tuffa. Can ƙarshen lambun, gefen tsohon rumbun dankalinmu na ƙarƙashin ƙasa, na tarar da ramuka biyu cushe da ganye. Na ce wannan ai karya ƙafar tsoho zai yi. Na ɗura musu duwatsu, na bi da siminti. Har hoto na ɗauka na aika wa matata, don a yaba mini.

Bayan kwana goma na ɗauko Baba. Duk hanya karanta allunan bakin titi yake da ƙarfi, kamar ɗan aji ɗaya. Muna isa ya wuce taga ko rigar sanyi bai cire ba. Ya daɗe a tsaye.

"Idon nan ya yi kyau, Zenek," in ji shi. "Har siminti nake gani."

Sai a lokacin labaran Lahadi suka dawo mini. Rumbun dankali. Ramuka biyu. Ya tambaye ni yau kwana nawa da toshe su, na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ɗora tukunyar shayi, ya ce ko zan sha da lemon tsami. Da zagina ya yi da na ji sanyi a raina.

Na ɗauki diga. Ƙasa ta riga ta daskare, kwana biyu na yi kafin na fasa abin da na gina a awa ɗaya. Ba motsi a ciki, ba wari. Ganyen da zan mayar bakin ramin ma na ƙone duka, sai wurin Pani Leokadia na je roƙo, tana kallona tana tambaya ko lafiyata ƙalau. Baba ya ce dage na da taurin rai, mu jira Fabrairu.

Wata biyun nan kashe talabijin nake kafin na kira shi. Ya ce tsuntsaye sun ragu, tunda ba sauran iri, amma maƙwaƙƙwafi na nan da rashin kunyarsa. Kwandasta kuwa ba ya ambatarsa, ni ma ba na tambaya. Barcin kirki ban ƙara yi ba, kuma Danuta, da ba ta iya riƙe magana, ta kai masa wannan labarin.

Ranar uku ga Fabrairu da safe ya kira ni: "Ya fito. Zo ka ga sawu."

Ban san yadda na yi tuƙin nan ba. Ga sawu kuwa a kan dusar ƙanƙara, daga bakin rami ya bi shinge, dunduniya da dogayen farata. Hawaye ya cika mini ido. Na durƙusa in ƙara kallo, sai na ga duk farata huɗu-huɗu ne, a jere daidai wa daida, alhali na dage biyar ne, wannan kam na saurara na riƙe. Gefen sawun an bi da tsintsiya an shafe wani abu, amma an manta da 'yan ramukan sandar dogarawa. Ganyen da na cusa a bakin ramin yana nan yadda na bar shi, ƙanƙara ta ɗinke shi.

A kicin, wandon Baba na shanye jikin murhu, gwiwoyinsa jiƙe sharkaf. Cokali mai yatsu na ajiye a bakin taga. Shekararsa saba'in da takwas, ya je ya durƙusa cikin ƙanƙara da cokali, don ɗan da ya binne masa aboki ya samu barci. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Ka gani?" ya ce, bai juyo ba.

"Na gani, Baba. Ƙato ne."

"Ai na gaya maka. Kwana ɗaya kawai ya makara, jirgi ma yana yin haka."

Na ɗauki cokalin na wanke, na mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Sannan na jawo kujerar mahaifiyata kusa da tasa, muka zauna muna kallon ramin.