Wuyan da Kaka Ba Ta Yanka Ba

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da na riƙe na ƙuruciya shi ne bangon madafar kakata a unguwar Bolewa, nan Potiskum, zamanin Turawa.

Bayan magariba mukan zauna bakin murhu, ni da ƙanwata. Kaka ba ta iya tatsuniya da baki kawai ba. Sai ta zaro gawayi, ta tofa masa yawu ya huce, tana magana tana zane a bango. Hausarta ta Bolewa ce, Dodo ma "ta" take ce masa, mu yi ta dariya. Amma in ta murza babban yatsa a ƙarƙashin idon mutumin da ta zana, wallahi sai ka ga yana kuka. In ta gama, kowa sai ta ja masa layi a wuya, kura ce ko Dodo ko 'yar sarki. Wai malam ya ce wanda ya zana abu mai rai, ranar gobe ƙiyama za a sa shi ya hura masa rai. Shi ya sa take yanka su tun a nan.

Ina ƙarami aka ɗebi babana aikin haƙar kuza a Jos. Damina ta wuce, wata ta zo, shiru. Rannan na ce wa Kaka na fara manta kamanninsa. Ta harare ni ta ce, "Mai gidan banza, ba cefane sai mantuwa."

Da yamma ta kawo tatsuniyar da ba mu taɓa ji ba. Wai wata Dodo mai cin ƙasa ta haɗiye maharbi, ya tarar cikinta maƙil da maza suna haƙa. Duk sun manta ko su wane ne. Shi kaɗai kullum yake kiran sunayen 'ya'yansa don kada ya ɓace. Tana faɗa tana zana shi, goshi mai faɗi, tsage a kumatu, kunne ɗaya a lanƙwashe. Ƙanwata ta daina dariya.

Kaka ta yanka Dodo, ta ajiye gawayin. Na ce ta manta maharbi.

"Ban manta ba."

"To ranar gobe fa, Kaka?"

"A tambaye ni. Ni na haife shi, ba zan sa masa wuƙa ba."

Ba ta taɓa gaya mana ko maharbin ya fito ba. Babana dai bai dawo ba. Zanen kuwa hayaƙi ya cinye shi a hankali.

Da na girma na tambayi malamai, suka ce zanen mutum ba kyau. Ban yi musu ba. Kaka mace ce mai tsoron Allah, ko ƙwayar geron wani ba ta taɓawa. Ta san abin da ta ɗora wa kanta, ta kuma ɗora, don yaro ya san ubansa.

Yanzu na girmi babana na wancan lokaci nesa, gwiwa ta gaji. In na zo yi masa addu'a, fuskar gawayin nan nake gani, ba ni da wata. Sai in haɗa da Kaka, in ce ya Allah, in akwai tambaya a kan zanen nan, ni na jawo, a raba mana.