Mabuɗi a Haɓar Zanen Kezia

Shekara goma sha ɗaya ke nan Malama Kezia Absalom tana riƙe da muƙamin jami'ar walwala a ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'arsu, reshen Yola. Ba wanda ya taɓa tsaya mata takara. Aikin shi ne hayar kujeru, sayo ƙanƙara, tsare masu dafa shinkafa, sannan a ƙarshen laccar da ƙungiyar ke shiryawa duk shekara ta hau mumbari ta yi jawabin godiya.

Na same ta a gidanta da ke Jimeta, ta miƙe ƙafa ɗaya a kan bokiti saboda ciwon gwiwa. Shekarunta sittin da uku. A wani ƙauye kusa da Numan aka haife ta, ubanta masunci ne. Ta koyar da lissafi shekara talatin da biyu kafin ta yi ritaya. Digirinta kuwa sai da ta haura arba'in ta yi shi, a karatun hutu, tana tahowa da kwanon tuwo a jaka.

A wannan ajin ta san Malam Deribe, wanda iyayensa 'yan Borno ne masu sayar da hula. A bayanta yake zama. Ta ce lissafi bai taɓa shiga kansa ba, amma idan malami ya yi wa wani ɗalibi rashin adalci, Deribe ne zai bi shi har ofis.

Bayan sun gama, aka tura shi shugabancin wata makarantar kwana a wani ƙauye ta wajen Mubi. A ƙarshen shekarar 2014, da 'yan tada ƙayar baya suka doso yankin, waɗanda ke da mota suka cika ta da iyalansu suka tafi. Deribe yana da babur. Ya ba wani malami, ya ce ya fitar masa da matarsa Kaltume, shi kuma ya tara ɗalibai talatin da ɗaya da iyayensu ba su zo ɗauka ba, ya shiga duwatsu da su a ƙafa. Kwana uku suna tafiya. Yana da ciwon suga, allurarsa kuma ta ƙare tun rana ta farko. Ya kai su bakin titi, ya samo musu babbar mota, ya kawo su gidan Kezia, don shi ne gidan da ya san ba za a tambaye shi dalili ba.

"Nan suka kwana," ta ce, tana nuna tsakar gidan. "Mata a falo, maza a ƙarƙashin darbejiyar can. Da safe na ga ƙafarsa ta kumbura. Hamma nake kiransa, wato yaya. Na ce, 'Hamma, wannan ƙafa ce ko rogo?' Ya yi dariya. Kwana takwas ya yi a asibiti ya rasu."

Taken laccar ƙungiyar bai cika canzawa ba: shugabanci, hidimar jama'a, siyasa da makomar matasa. Ko a shekarun da bama-bamai ke tashi a Jimeta ba a fasa ba, sai dai a caje mutum a ƙofa. Abin da Kezia take so kuwa bai da yawa. Tana so a ambaci sunan Deribe a wannan taro, da baki, a faɗi abin da ya yi, Kaltume tana zaune tana ji.

Sau huɗu ta rubuta wa shugabanni wasiƙa. Ba wanda ya taɓa ce mata a'a. Matsalar tsarin taron ce. A katin gayyata ana rubuta ƙarfe goma, amma ba a farawa sai babban baƙo ya iso, shi kuma ba ya isowa kafin ƙarfe ɗaya. Daga nan mai gabatarwa zai bi manyan da ke kan tebur ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa da muƙamin da ya riƙe da wanda ya kusa riƙewa. Duk wanda aka ba lasifika zai sake gaishe su daga farko. A tashi sallah, a dawo, mai lacca ya karanta takardarsa. Sai a ce lokaci ya ƙure. Shirun minti ɗaya ana yin sa ne "ga duk waɗanda suka riga mu", babu suna, don kada a kira wani a bar wani. Da zarar babban baƙo ya miƙe, sai a buɗe ɗakin abinci, jama'a su yi can. A lokacin ne ake kiran Kezia ta yi godiya.

"Shekara goma ina gode wa kujeru," ta ce. "Kujerun ma ni na ɗauko su haya."

Sau uku tana ɗauko Kaltume daga unguwar Alkalawa a keke napep, inda take zaune a gidan ƙanenta. Sau uku matar tana zama a layin ƙarshe, cikin zafin watan Maris, ta saurari yadda ake gina shugaba nagari, ta karɓi robar shinkafa, ta koma gida.

Bana Kaltume ta ce ba za ta je ba. Idonta ya yi rauni, ɗanta kuma ya gama shirin mayar da ita Maiduguri gaba ɗaya ranar Litinin. Laccar ranar Asabar ce.

"Adda Kezia, ki bar ni," ta ce mata. "Allah ya san abin da ya yi. Su Barista ba sai sun sani ba."

"Allah ya sani, ni ma na sani. Saura masu cin shinkafata. Ki sa gyalenki."

Barista Faruk shi ne shugaban ƙungiyar, tsohon ɗalibin Kezia ne a ƙaramar sakandare. Da safen Asabar ta tare shi a bakin zauren taron. Ya cire hula ya share gumi.

"Anti, wallahi yana raina. Minti biyu bayan lacca, na yi miki alkawari."

"Bara ma yana ranka. Ran naka akwai faɗi."

"Anti, kin san yadda manyan nan suke."

"Na san yadda kake tun kana ɓoye mini littafin aikin gida a cikin riga."

Babban baƙo ya iso ɗaya da kwata. Gaisuwa ta ci minti hamsin, Kezia ta duba agogo. Mai lacca, wani farfesa mai kirki da ya zo daga nesa, ya ce shugaba shi ne wanda ke cin abinci bayan kowa, aka tafa. Janareto ya ɗauke sau biyu. Ƙarfe huɗu saura kwata mai gabatarwa ya ce, saboda ƙurewar lokaci, za a tsallake abu na tara da na goma a jerin shirin taron, har da minti biyun da aka yi wa Kezia alkawari. Barista Faruk ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa.

Babban baƙo ya miƙe, 'yan rakiyarsa suka miƙe, jama'a suka juya wajen ɗakin abinci. Ƙofar a kulle take da kwado. Duk shekara Kezia kan miƙa mabuɗin ga masu rabo tun kafin a gama lacca, don haka aka saba. Wannan karon yana ƙulle a haɓar zanenta, ita kuma tana hawa matakalar mumbari, ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, mabuɗi fa?" wani ya ɗaga murya daga baya.

"Yana nan lafiya, Zadok. Ka zauna, cikinka ba zai gudu ba."

Aka yi dariya, wasu suka koma kujerunsu, wasu suka tsaya jingine da bango. Babban baƙon ya riga ya kai ƙofar fita, bai juyo ba. Farfesan ya zauna.

Kezia ba ta gaishe da kowa ba. Ta ce sunansa Malam Deribe Modu, ɗan ajinsu ne, lambarsa tana cikin rajistar ƙungiya. Ta faɗi babur, ta faɗi duwatsu, ta faɗi kwana uku da ɗalibai talatin da ɗaya da allurar da ta ƙare. Ta ce bai taɓa riƙe muƙamin da za a kira shi da shi a wannan zaure ba. Ta nuna layin ƙarshe ta ce ga matarsa can. Sannan ta ce, "Shi nake wa godiya bana. Sauranku na gode muku sau goma."

Minti huɗu ta yi. Ba a tafa sosai ba. Wata mata da ke rabon ruwa ta ajiye faranti ta ce ita tana cikin talatin da ɗayan, Sakinatu sunanta, yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Kezia ba ta gane ta ba. Barista Faruk ya karɓi lasifika ya ce za a kafa kwamiti ya duba yadda za a karrama marigayin. Kezia ta kwance mabuɗin ta ajiye masa a kan tebur.

A hanyar Alkalawa, Kaltume tana zaune kusa da Kezia a keke napep, suka wuce shataletale. Robar shinkafa tana kan cinyarta. Can ta ce, "Kin faɗi sunan babansa ma." Kezia ta ce e. Kaltume ta gyara gyale ta ce, "To, shi ke nan."

Takardar bayan taro da aka raba wa 'yan jarida ba ta ambaci Deribe ba. Ta yi kira ga matasa su shiga siyasa, ta gode wa babban baƙo. Kaltume ta tafi Maiduguri ranar Litinin da safe.

Na tambayi Kezia ko kwamitin ya zauna. Ta ce ba ta sani ba, ta rubuta musu cewa ta ajiye muƙamin. Har yanzu ba a sami wanda zai karɓa ba, kulolin ƙungiyar guda shida suna jere a bayan ɗakinta. Ta ce abin da ya fi isowa kunnenta daga taron shi ne ƙorafin cewa shinkafa ta huce.

Ta sauke ƙafar daga kan bokitin, ta murza gwiwar a hankali. "Ta huce ɗin kuwa," ta ce. "Ni ma na ci."