Tari a Saman Gawo

Wallahi abin da zan gaya muku ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. A shekarun fari ne, ina aikin gandun daji tsakanin Isa da Sabon Birni. Gonaki sun ƙi, mutane suka koma ƙona gawayi don su ci, hayaƙin kuwa ya riƙa kwanciya a kan wani kurmin gawo kusa da Kurawa, wanda ganyensa kaɗai ya rage wa dabbobin makiyaya.

Aikinmu shi ne mu ɗaura farin ƙyalle a can saman rassa, bayan wani lokaci mu sauko da shi mu ga yadda hayaƙi ya rina shi, mu kuma duba ganye. Ni ban iya hawa itace ba. Mai hawan abokina ne Mamman, Bagobiri, mai yawan tsokana.

"Malam, mi kaka tsoro?" haka yake ce mini daga sama. "Kai dai tsaya nan ka riƙe mini takalmi, shi ne aikinka."

Shugabanmu ya yi alkawarin idan manya suka ga ƙyallayen da idonsu, za a matsar da ramukan gawayin nesa da kurmin. Mamman ya ƙwallafa rai a kan wannan, don a ƙarƙashin itatuwan nan ya yi kiwo yana yaro. To amma shi ke shaƙar hayaƙin can sama, tari ya kama shi, tun muna yi masa dariya har ya kwanta. Da na je duba shi sai ya ce, "Bari in samu sauƙi, za ni hawa in kwanto ƙyallayen nan. Kada ka bari wani ya yage su."

Bai samu sauƙin ba. Allah Ya jiƙansa.

Bayan an yi sadakar bakwai na koma kurmin ni kaɗai, da rana tsaka, ko iska babu. Na tsaya gindin babban gawon ina kallon ƙyallen da ba zan iya kaiwa gare shi ba, hawaye suka zubo mini. Sai na ji tari a sama. Na san tarin nan, jama'a, na zauna da shi. Na ɗaga kai, ba kowa, rassan sun yi sako-sako har kana hango sararin sama. Can sai ga ƙyallen ya faɗo gabana, baƙi ƙirin, kwance shi aka yi, ba tsinkewa ya yi ba. Innalillahi! Na matsa itace na gaba, aka sake tari, wani ya faɗo. Haka har na ƙarshe. Na tsince su duka.

Na kai su. Manya suka gani, suka yarda, aka matsar da ramukan, sai dai kafin damina ta dawo rabin kurmin ya bushe. Abin da ke cin raina har yau, ƙyalle muka yi ta dubawa, ƙirjin mai ɗaura shi babu wanda ya auna.

Ban san abin da na ji ranar ba, Allah Shi Ya sani. Amma in hanya ta bi da ku wajen, kuka ji tari a kan busasshen itace, kada ku ruga. Ku tsaya ku yi masa addu'a, sunansa Mamman.