Tayoyin Nibaldo

A garin Porvenir, can ƙarshen kudancin duniya, babu wanda bai san Nibaldo Oyarzo ba, mai faci na bakin tashar jirgin ruwa. Faci ne abincinsa, amma zuciyarsa tana wurin wata jar mota mai ƙofa biyu da ke lulluɓe a bayan shago. Ba ta fitowa sai Agusta, tsakiyar hunturu, lokacin tseren da ake yi a kan ƙanƙara daga garin nan, a ƙetare iyaka, har Río Grande. Tun gashinsa na baƙi yake shiga tseren. Bai taɓa neman na ɗaya ba. Shi dai a ce sau ɗaya ya shiga Río Grande motarsa na tafiya da kanta, ba a ɗaure da igiya ba. Bai taɓa samu ba.

Abin haushin, mutumin ya san taya. Samari su zo da faffaɗan tayoyi suna ƙyalli, ya harare su ya ce faffaɗa ta rani ce, a kan ƙanƙara sulɓi kawai take yi kamar faranti. Siririya ake sawa, mai ƙusoshi, ta yanka dusar ƙanƙara ta ciji abin da ke ƙasa. Gaskiya ya faɗa, suna bin maganarsa suna kaiwa. Shi kuwa wata shekara giyar mota ta ƙi shiga, wata shekara taya ta fashe, kuma kusan kullum a wuri guda, doguwar kwanar da ke gaban bukkar Abelardo makiyayin tumaki. Duk tayar da ta mutu a can, Abelardo ya ɗora ta kan rufin kwanonsa don kada iska ta yaye shi.

Bana likita ya duba idonsa ya ce hasken yana ƙarewa, baɗi ba za a sabunta masa lasisi ba. Matarsa Eliana ce kaɗai ta sani. Ita ce ke zama gefensa a tsere tana faɗa masa hanya, kuma ta daɗe da gane cewa kwanar da take faɗa ba ya ganinta sai ya zo dab.

Motar ƙarama ce, safaya ɗaya take ɗauka, don haka tayar da ka zaɓa a gida da ita za ka rayu ko ka mutu. Ana saura kwanaki Eliana ta same shi a shago yana dasa ƙusoshi a siraran tayoyi, yana lalubar ramukan da yatsa.

"Tsoho, leƙa waje. Ruwa ne ke ɗiga daga rufi. A Agusta fa."

"Zai daskare."

"Haka ka ce bara. Sa masu faɗin nan na taɓo, ka ji."

"Tsohuwa, ke karanta hanya, ni in zaɓi taya. Kin taɓa ganin Agusta babu ƙanƙara?"

"Ga shi ina gani."

Ya ci gaba da dasa ƙusoshinsa. Taurin kai ne, ba na musu, amma ni na tausaya masa. Duk abin da ya sani a duniya a kan ƙanƙara ya koye shi, in ya yarda ta tafi me ya rage masa?

Ranar tsere aka tashi da yayyafi. Farkon hanya akwai sauran ƙanƙara, motar ta riƙe ƙasa kamar an manna ta, har Nibaldo ya fara fito da baki. Daga nan sai tsakuwa tsirara, ƙusoshin suka riƙa zarewa suna dukan cikin mota. Bayan tsakuwa sai taɓo, baƙi, mai zurfi. Siririyar taya ta yi aikin da aka yi ta dominsa, ta yanka ta nutse. Motar ta zauna a kan cikinta, samari masu faffaɗan tayoyi suka wuce suna watsa mata laka.

Eliana ta ɗaga kai ta ga hayaƙi na fita daga wata bukka. Ko ba a faɗa mata ba ta san rufin.

Abelardo ya fito da doki da igiya, ba ya ko sauri.

"Mutumina, bana ka makara. Naman har ya fara hucewa."

Suka ja motar gefe. Nibaldo bai shiga cin nama ba. Ya ɗauko jak, ya durƙusa a taɓo, ya kwance tayoyin duka huɗu, har da safaya, ya jera su a jikin bukka. Eliana na tsaye ba ta hana shi ba. Abelardo ya ɗaga ɗaya ya jinjina nauyinta, ya taɓe baki.

"Waɗannan ba su da nauyi, iska ba ta jin tsoronsu. Baɗi don Allah ka zo mini da masu faɗi."

Nibaldo ya ɗaga ido ya dubi rufin. Ya san tayoyinsa ne jere a can, na shekara da shekaru, amma baƙin abu kawai yake gani a haɗe.

"To," in ji shi. "Baɗi."

Eliana ta kama hannunsa ta nuna masa inda dokin ƙofa yake.