Azumin da Gwaggo Ta Karya a Kabo

Asubar fari muka tashi ranar Asabar ɗin da ta wuce, ana sallame salla muka rataya jakunkuna. Mu uku ne: ni, da ƙanena autanmu, da kocin da yake koya masa kokawa. Gwarzo muka nufa, inda wasu matasa suka shirya gasar kwana biyu. Kafin mu fita Inna ta tare ni a soro, ta kama hannun rigata ta ce, “Yadda ka fita min da shi, haka za ka dawo min da shi. Ban aike ka kawo kofi ba.” Na ce to, ina dariya, don a lokacin ban ga abin wahala a wannan amanar ba.

Ga waɗanda ba su sani ba a cikin masu bibiyata, wannan ba kokawar dandali ba ce da muka taso muna kallo, wadda da zarar bayan mutum ya taɓa ƙasa an gama. A wannan, faɗuwa ƙasa ma somin taɓi ne. A kan shimfiɗar roba ake yinta, a yi ta birgima har ɗaya ya murɗe wa ɗaya hannu ko ƙafa, ko ya shaƙe shi. Wanda aka kama sai ya bubbuga da tafin hannu, alamar ya sallama, nan take a sake shi. Kuma ba a haɗa ka da kowa sai sa'anka a nauyi: ana hawa sikeli, a raba mutane aji-aji. Ƙanena bakaniken babur ne, ya kusa shekara yana zuwa horo in ya tashi daga gareji, wannan ce kuma gasarsa ta farko. Nauyinsa na Allah da Annabi kilo saba'in da 'yan kai ne, amma ya sa sunansa a ajin 'yan ƙasa da saba'in, wai a can zai fi kowa tsawo da ƙarfi. Ni ɗan rakiya ne kawai. Shagon kayan masarufi gare ni, kuma da zan hau sikelin nan da tumbina, sai an buɗe min ajina ni kaɗai.

Tun farkon makon yaron nan yake ce mana azumi yake. Ran Litinin ba wanda ya yi mamaki. Da Talata ta zo ya ce ramuwa ce, daga nan kuma ba wanda ya sake tambaya. Kun dai san halinmu: in mutum ya ce azumi yake, sai a ce Allah ya ba da lada, a janye kwano. Inna har maƙwabta ta gaya wa cewa auta ya shiryu. Da magariba ya ɗauki abincinsa ya shige ɗaki, da safe a ga kwano fes a bakin rariya.

A tashar Kabuga muka sami mota. Kuɗin kujera ya ƙaru a kan yadda na sani bara, direba ya ɗora laifin a kan fetur, ɗan kamasho kuma ya dube ni sama da ƙasa ya ce in ina son zaman lafiya in biya kujera biyu. Ban biya ba, sai aka matse ni da ƙanena da wani dattijo mai buhun barkono a baya, koci ya zauna gaba. Hanyar tana da wuraren da za ka yi gyangyaɗi, tana da waɗanda za ka riƙa salati. Bazara ta kankama sosai. Gonaki fayau, an share su tas, an zuba taki tsibi-tsibi ana jiran ruwan farko. A Rimin Gado mata suka yanyame motar da farantan mangwaro, mai arha kamar a ce maka ɗauka kyauta, kuɗin da zan sayi guda uku a birni ya cika min leda. Na sha har ruwan yana bin gwiwar hannuna. Ƙanena kuwa ya juya fuska ga taga, sanye da rigar sanyi an zuge ta har wuya, yana ta tofar da yawu a wata robar lemo. Na tsokane shi na ce ko sanyin Jos ya tafi tarba. Ya ɗan murmusa, na ga leɓɓansa sun bushe sun tsage, na ce a raina aikin azumi ne.

Ba ma wuce Kabo ba mu gai da Gwaggo ba, in kuwa ta ji labari ka wuce, sai ka shekara kana ban haƙuri. Ƙanwar babanmu ce, matar wani malami, kuma ita ta yaye ƙanena yana jinjiri, shi ya sa har gobe take kallonsa ɗan cikinta. Muka sauka daga mota muka hau babura zuwa gidan. Garin yana nan yadda na san shi, sai ƙarin shagunan cajin waya da masu sayar da ƙanƙara, wadda a wannan zafin ta fi nama daraja.

Gaisuwar Gwaggo kuwa ba ta gaggawa ba ce. Muka durƙusa a gabanta a ƙarƙashin darbejiya, ta tambayi Inna, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi zafi, ta tambayi kasuwa, ta tambayi maƙwabcinmu mai ciwon ƙafa, ta koma kan koci ta tambayi mutanen gidansu da ba ta taɓa gani ba. Muna durƙushe aka kawo fura a ƙwarya, an dama da ruwan randa, ƙamshin citta da kanumfari yana tashi. Ta miƙa wa ƙanena ludayi.

“Azumi nake, Gwaggo,” ya ce.

Ta tsaya da ludayin a hannu tana kallonsa. “Azumin Asabar? A kan hanya, a wannan ranar?”

Ya yunƙura zai miƙe don ya gudu daga ƙamshin furar, sai na ga idonsa ya juye, ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya zube a jikina. Maganar Inna ce ta fara zuwar min.

Koci ya zabura ya kwantar da shi a inuwa, ya ɗaga masa ƙafafu, ya zuge rigar sanyin. Abin da muka gani ya sa Gwaggo salati. Tun daga ƙirji har ƙugu ya nannaɗe jikinsa da leda, an ɗaure da salatif, gumi ya taru a ciki. Ledar shagona ce, wadda nake ƙulla sukari, tun Laraba nake zargin ɓeraye da sace min ita. Aka yayyafa masa ruwa, ba a jima ba ya buɗe ido. A nan ya faɗi gaskiya da muryar da ba ta fita sosai. Ba azumi yake ba, nauyi yake ragewa. Abincin magariba abokansa na gareji yake kai wa a ɓoye, ruwa sai dai ya kurkure baki, daren Juma'a ma har filasko ya jiƙa ya sha don ya wanke ciki.

Ban taɓa ganin ran koci ya ɓaci haka ba. Ashe shi ma yaudararsa aka yi, an ce masa a hankali ake ragewa tun watan jiya. Ya ce mana jikin da ya bushe haka, shaƙa ɗaya tana iya sumar da shi sumar da ba a so, ƙoda ma ba ta yafe irin wannan wasa. Ya sa aka kawo ruwa mai tsabta da gishiri da sukari ya haɗa. Amma da aka kai kofin bakin yaron nan, sai ya kau da kai.

“Don Allah ku bari in hau sikeli tukuna. Saura kaɗan fa, Yaya.”

Gwaggo ta karɓi kofin daga hannun koci, ta zauna a tabarma ta ɗora kansa a cinyarta. “Ni na yaye ka,” ta ce. “Ko azumin nafila na gaskiya ne, in uwa ta tausaya ta ce a karya, karyawa ake. Balle wannan da ba don Allah ake yinsa ba. Buɗe bakinka.”

Ya buɗe. Yana kurɓa kaɗan-kaɗan hawaye yana bin kuncinsa, don ya san da kowace kurɓa ajin da ya sha wa wahala yana kuɓuce masa. Ni ma dai na juya baya na yi kamar ina duba waya. Muka zauna a gidan har bayan azahar, ya sha ruwan nan, ya sha kunu, daga baya ya taɓa furar. Ragowar ƙwaryar kuwa ba sai na gaya muku inda ta shiga ba.

Da rana ta ɗan yi sanyi muka ƙarasa Gwarzo. Gari ne mai hada-hada, babura da kurar ruwa da motocin hatsi kowa yana neman hanya. A farfajiyar wata makaranta aka kafa rumfa aka shimfiɗa robobin wasa, ranar farko kuma ta awo ce kawai. Wani malamin asibiti yana zaune da sikeli da abin awon jini. Ƙanena ya hau, allura ta wuce saba'in ba ko kunya. Masu gasar suka ce wanda ya haura ajinsa yana iya komawa na gaba in akwai gurbi, aka kuwa dace akwai. Amma koci bai ɓoye komai ba, ya zayyana wa malamin asibitin abin da ya faru a Kabo. Mutumin ya duba harshen ƙanena, ya ja fatar bayan hannunsa, ya auna jininsa, ya ce a je a ci a sha a huta, a dawo da safe. In bai gamsu da abin da ya gani ba, kallo kawai yaron zai yi.

A wurin awon nan na kashe kwarkwatar idona. Wani ƙaton ɗan kokawar gargajiya daga Sabon Birni ya zo da magoya bayansa, aka auna shi aka rasa sa'ansa a nauyi. Ya ce a haɗa shi da kowa ma, ko biyu-biyu ne. Aka ce doka ta hana. Wasu dattawa a gefe suna ta mita cewa a zamaninsu ba a san sikeli ba sai a wurin sayar da auduga, ƙarami yana kada babba gari ya ɗauka. Wani a cikinsu ya fi kowa zaƙewa, amma na lura kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu, da na tambaya aka ce tsohuwar karaya ce ta dandali.

A gidan wani abokin koci muka sauka. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, ga gurasa da tsire da muka saya a bakin titi, wanda arharsa ta sa na fara tunanin dawowa garin da zama. Na sa ƙanena a gaba ina ƙirga masa loma da ido. Da safe malamin asibiti ya sake duba shi, ya daɗe yana nazari, sannan ya ce ya shiga, amma in ya ji jiri ko kaɗan ya tsaya.

Karonsa na farko da wani mai jiki ne da ya fi shi kauri. Duk tsoron da ya sa shi yunwar mako guda, tsoron irin waɗannan ne. Sai ga shi ya fi mutumin numfashi. Ya lallaɓa ya zagaya bayansa, ya sarƙe shi da ƙafafu, ya sa hannu a wuya, mutumin ya bubbuga. Ihun da na yi, wani ya tambaye ni ko ni ne na yi kokawar.

Karo na biyu aka haɗa shi da wani manomi daga Mainika, siriri ne amma damtsensa kamar ƙotar fartanya. Suka daɗe ba wanda ya sami sa'ar wani. Can sai manomin ya kama hannun daman ƙanena, ya matse shi tsakanin cinyoyinsa ya kwanta da shi baya. Na ga gwiwar hannun ta miƙe har ta fara wuce iyaka. 'Yan kallo suka ɗauki sowa, “Kar ka sallama! Namiji ba ya sallamawa!” Ni kuwa na san taurin kan yaron nan, jiya-jiya na gan shi ya gwammace suma a kan kofin ruwa. Ban san lokacin da na kutsa bakin shimfiɗar ba ina cewa, “Buga! Don Allah buga!”

Ya buga. Alƙalin wasa ya raba su, manomin ya ɗaga shi ya rungume shi, ya riƙe masa hannun yana tambayarsa ko ya ji ciwo. Wasu sun yi dariya, ban damu ba. A duk tafiyar nan ba inda na ji daɗi kamar wannan bugun.

Bayan la'asar muka kamo hanyar gida. Hadari ya haɗo ta gabas, iska mai sanyi tana kaɗawa, manoma a bakin hanya suna ɗaga kai sama. Ƙanena da koci suna ta lissafin gasa ta gaba. Ƙanena ya ce a bar shi a ajin da Allah ya ajiye shi, zai ƙara ƙarfi a nan. Koci ya ce daga yanzu shi da kansa zai riƙa auna ɗalibansa kowane mako, kuma ba mai sa suna a aji sai da saninsa.

Na tafi Gwarzo ina ganin sikeli da bugun sallamawa duk sanabe ne na 'yan zamani. Na dawo na gane an yi su ne don kowa ya koma gidansu da ƙafafunsa, kuma sikelin da aka kawo don kariya yana iya zama abin cutarwa in yaro ya sa wa ransa sai ya yaudare shi. Na kuma koyi cewa in na kusa da kai ya ce azumi yake, ka yi masa addu'a, amma ka leƙa ka ga da me ya buɗe baki.

Ana kiran magariba muka shiga gida. Inna ba ta tambayi kofi ba. Ta juya ƙanena gaba da baya, ta lallatsa kafaɗunsa, sannan ta dube ni. Na ba ta labari tun daga leda har bugun hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga madafi ta fito da kwanon tuwo, ta dire shi a tsakar gida kusa da tabarmarta.

“Daga yau a nan za ka riƙa ci, a gabana,” ta ce.

Ya zauna ya yi bismilla. Hannun daman nan da aka murɗe, wanda da ya biye wa 'yan kallo da yanzu yana wurin mai ɗori, da shi ya gutsuro tuwon ya kai baki. Inna ba ta ɗauke ido daga kansa ba har ya suɗe kwanon.