Zabon Inna da Ƙafar Baba

Shekarar da na je wankan gida a Gumel, bayan haihuwata ta fari, ita ce shekarar da likita ya gaya wa Baba yana da ciwon suga. Baba tsohon dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari. Tun da ya bar wa yayana harkar, aikinsa ya koma zama a dakalin ƙofar gida, da shan shayi mai kauri, da gyara wa masu wucewa zance. Likita ya ce ya rage suga, ya kuma riƙa tafiyar ƙasa kowace safiya. Baba ya amsa da "to" irin wadda duk gidan mun san ma'anarta.

Yaya ne ya fara gwada sa'arsa, kuma da tsoratarwa ya zo. Ya zauna gaban Baba ya tanƙwashe ƙafa, ya kawo labarin wani mutumin Gagarawa da ciwon ya kai har aka yanke masa ƙafa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi wa mutumin addu'a, sannan ya ce, "Ai na san shi. Tun yana saurayi ba ya jin magana."

Da abin bai ci ba, Yaya ya ɗauke makullin babur ɗin Baba ya tafi da shi Maigatari, wai in babu abin hawa dole ya taka. Sai Baba ya daina zuwa ko'ina. Gaisuwar mutuwa ma aike ya koma yi.

Inna dai tana kallonsu. Rannan tana zuba mini farfesun zabo irin na masu jego, sai ta lura Baba ya wuce ta tsakar gida har sau biyu, wai buta yake nema, alhali butar tana hannunsa. Ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Yayanki bai san kaza ba. Ba a kiranta da jifa."

Ta ɗaga murya ta ce, "Malam, zogalen nan na iyakar gonarka nake so saboda mai jego. Duk ranar da ka taka ka tsinko mana, akwai kwanonka a zabon nan."

Gonar tana can bayan gari. Washegari Baba ya ɗauki sanda ya fita. Hantsi bai yi ba sai ga shi da damin zogale, hula a karkace, yana nishi. Ya zauna ya miƙe ƙafafu ya ce, "Tsufa ba wasa ba." Inna ta yi masa sannu ta ajiye masa kwano. Haka aka yi ta yi. Yaya ya ji labari ya dawo da makulli yana ta sa wa Inna albarka.

Matar maƙwabcinmu ce ta ɓallo ruwa, kuma ba da gangan ba. Mijinta yana da amalanken shanu, yana kai taki gonaki. Ta shigo ganin jariri, ana cikin hira ta ce, "Ai Alhaji ya zama abokin tafiyar maigidana. Kullum a bayan makaranta yake jiransa. Har buhu na wanke aka shimfiɗa masa a kan takin, kada rigarsa ta ɓaci."

Ni dai na cusa fuska cikin zanin goyo. Inna ko gezau. Ta ce, "Allah Ya saka da alheri," ta ci gaba da tankaɗe.

Da yamma ta cika kwano da farfesu ta aika maƙwabta, tare da wani saƙo da ban ji ba. Kashegari Baba ya fita kamar kullum, bai jima ba ya dawo hannu rabbana. Wai mai amalanke ya zo ya wuce shi, ya gaishe shi da ladabi, ya ce shanun ne yau ba sa son nauyi. Baba yana cikin jimamin wannan sai ga kwanon da ya saba ci a ciki an fita da shi a rufe.

Ya ce, "Wancan ba kwanona ba ne?"

Inna ta ce, "Na mai kawo zogale ne, Malam. Ashe da can kuskuren kwano nake yi."

Baba ya yi fushi ya koma dakali. Ya ce shi da zabo har abada, nama ne ma mai tauri.

Ana cikin haka wani tsohon amininsa Bafulatani, daga wata ruga ta wajen Sule Tankarkar, ya zo yi mana barka. Mu jinin Mangawa ne, abokan wasan Fulani, don haka tsakaninsu babu ragayya. Ya sami labarin tun a ƙofar gida. Daga ɗakina nake jiyo shi yana cewa, "Ni da na girme ka da ƙafa na zo tun daga ruga. Kai kuwa an ce sai an ɗora ka a kan kashin shanuna kafin ka ga gonarka. Dama bawa ba ya rabuwa da kayan ubangidansa."

Baba ya ce, "Kai da iska ke kaɗawa, ai ba tafiya kake yi ba, hura ka ake yi."

Aka yi dariya aka watse, amma maganar ta zauna masa. Da gari ya waye ya fita bai sallami kowa ba. Wannan karon sai kusan azahar ya dawo, riga sharkaf da gumi, ƙarangiya ta maƙale masa a wando, ko nishin nan na da bai yi ba. Ya zube zogale a gaban Inna. Ta tashi ta kama zabo.

Ban ce ya daina shan suga ba, don na sha ganin yana ƙara cokali in Inna ta juya baya. Tafiya kuwa ya riƙe ta, jikinsa ya yi sauƙi, har likita ya yaba.

Ranar da na gama wanka zan koma ɗakina, da ƙafa ya raka ni tasha. Da na shiga mota sai ya leƙa wajen direba ya ce, "In ka bi ta hanyar Sule Tankarkar ka ga wani siririn tsoho da sanda a kafaɗa, ka gaya masa a tasha ka gan ni, kuma ba goyo ni aka yi ba."