Ranar da Ƙugiyoyin Anti Tafireta Suka Ɓace

Shekara ashirin da shida ke nan Anti Tafireta tana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai hoton fasfo da mai gyaran kwamfuta. Ta samu sunan ne tun tana aiki da keken rubutu. Keken ya daɗe da tafiya, sunan ya ƙi bin sa. Shagon tebur ɗaya ne, da firinta, da benci mai ɗaukar mutum uku idan sun yi haƙuri da juna. Da shi ta taya maigidanta rainon 'ya'ya huɗu.

Gwanintarta ba a saurin yatsu kaɗai take ba. Mutum zai zauna ya yi ta zuba na minti ashirin, ya haɗa da tarihin kakansa, ita kuwa ta mayar da maganar layi takwas. Idan ta karanta masa sai ya ce, "Wallahi abin da nake nufi ke nan."

Kwamfutarta ta shekara goma sha huɗu. Fara ce a da, yanzu ta koma ruwan tsohon haƙori. Idan ta kunna ta da safe, sai ta share shago ta goge benci kafin ta gama farkawa. Babbar 'yarta da ke aiki a wani gari ta aiko mata da sabuwa, ta ɗora-a-cinya, amma wata huɗu tana cikin kwalinta a ƙarƙashin tebur. Duk wanda ya yi magana sai Anti ta ce da sabon gini gara yaɓe.

Ranar da tsohuwar ta ɗauke sau uku a kan takardar neman aiki guda ɗaya, maƙwabcinta mai gyara ya leƙo. Dattijo ne mai furfura a gemu, kowa Injiniya yake ce masa, ba wanda ya taɓa tambayar takardarsa. Ya kasa kunne ya ji ƙarar da take yi.

"Anti, wannan ba ciwo ba ne, tsufa ne. Ki kwashe kayanki tun tana gane mutane."

Suka sa ranar Asabar. Ya zo da wani ɗan akwatin ajiya da bai fi tafin hannu ba, ya jona, ya buɗe foldojinta. Nan ya fara dariya. Akwai Masu Neman Aiki, akwai Masu Ƙorafi, da Masu Cigiya, da Masu Ban Haƙuri, sai wata mai suna Kada a Taɓa, a cikinta kuma wata Kada a Taɓa Na Gaske.

"Fayil dubu goma sha ɗaya, Anti. Mu zubar da rabi mana."

"Ko ɗaya. Bara wani ya dawo neman takardar da na buga masa shekara tara da suka wuce, na fito masa da ita kafin ya zauna."

Kwafin ya ci awa huɗu. Da ya ƙare ta ɗauka an gama, ta fara naɗe wayoyi. Injiniya ya ce saura. Fayil kamar kayan ɗaki ne, a ɗauka a kai sabon gida. Manhaja kuwa kamar shuka ce, sai an sake dasa ta, kuma ta rubutun tana neman wata doguwar lamba kafin ta yarda ta buɗe. Anti ta miƙe ta ɗaga kalanda. Lambar tana nan a jikin bango da biro, inda ta rubuta ta tun ranar farko. Firinta ma sai da ta yi gardama kafin ta san sabuwar uwargijiyarta. Da la'asar komai ya daidaita. Injiniya ya ɗauki tsohuwar zuwa shagonsa, da sharaɗin zai goge ta tas a ba ƙanin maigidan Anti, wanda ya daɗe yana roƙonta.

Ranar Litinin Inna Ungozoma ta zo. Tsohuwa ce da ta yi shekara arba'in tana karɓar haihuwa a asibiti, ta kuma shafe shekara biyu tana kawo wa Anti littafin da take rubuta wa masu juna biyu, shafi-shafi, da rubutun hannu. Babi na bakwai take son gani a takarda. Anti ta buɗe, ta buga, ta miƙa mata ba tare da ta duba ba.

Inna ta gyara tabarau. Ta kai takardar nesa, ta dawo da ita kusa.

"'Yar nan, idona ne ko kuwa? Mene ne xaki? Wace ce mace mai qaramin qugu?"

Anti ta karɓa ta duba. Duk inda ɗ take ta koma x, ƙ ta koma q, ɓ ta koma v. Ta buɗe babi na ɗaya, haka. Ta buɗe Masu Ƙorafi, haka. Ba ta ko sa takalmi daidai ba ta faɗa shagon Injiniya.

"Ka goge ta?"

"Yanzu nake shirin..."

"Ɗaga hannunka!"

Da ya ga takardar sai ya dafe kai. Ya ce laifinsa ne da bai tambaya ba. Ashe wanda ya sayar mata da tsohuwar kwamfutar ya sa mata wani salon haruffa na musamman, mai ɗaukar q ya sa mata rigar ƙ. Ita ta san q take dannawa, amma ta ɗauka haka kowace kwamfuta take yi. Fayilolin sun ƙaura, rigar ce aka bari a tsohon gida. Cikin minti biyar ya kwaso ta ya sa a sabuwar, ƙugiyoyi suka dawo wurarensu. Inna, wadda ta biyo bayan Anti da sandarta, ta ce alhamdulillahi, ta nemi kujera.

Sai dai Injiniya ya gaya mata gaskiya. Duk wanda ta tura wa fayil ta waya, xaki zai gani. Gyara na dindindin shi ne ta sauya haruffan da na ainihi, ya nuna mata inda ake cewa a nemo kaza a maye shi da kaza. Ta ce ya bar mata, aikinta ne.

Da littafin Inna ta fara, ta sauya duka a bugu ɗaya, tana jin daɗin sauƙin abin. Washegari Inna ta dawo tana dariya har da hawaye. Sunayen magunguna da ta rubuta da Turanci su ma sun samu rabonsu, an wayi gari ana ba mai ciki ɓitamin. Daga nan Anti ta koma bi ɗaya bayan ɗaya. Wata uku ta yi tana gyaran foldojin da aka fi nema, a tsakanin masu zuwa. Sauran ta bar su sai ranar da mai su ya zo.

Yatsunta sun fi ta taurin kai, har yanzu wani lokaci sukan kai wa q hari. Labari kuwa ya bazu cewa akwai wadda ta iya warkar da irin waɗannan takardu. Malaman makaranta da masu buga littattafai suka fara kawo mata tsofaffin fayilolinsu, wasu daga nesa. Dole ta sa kafinta ya ƙara wa bencin tsawo, mai hoton fasfo kuma ya yi ta mita cewa an tare masa ƙofa, har suka daidaita a kan ta riƙa turo masa masu neman aiki.